Bas Biyu Kafin Makaranta

Makarantu biyu ne suka hana gidan Tela sakat, kuma duk a kan yarinya ɗaya 'yar shekara shida.

Ta farkon tana bayan gidansu. In Tela, uwar yarinyar, ta leƙa ta tagar ɗakin ɗinkinta da ke saman bene, tana hango famfon da yara ke turereniya a kansa lokacin shan iska. Ta biyun kuwa tana can ƙarshen gari, bayan gada, bayan masana'antar kwalabe, inda ko direbobi sai sun ja tsaki kafin su ce suna zuwa. Bas biyu ake hawa. In hanya ta yi kyau awa ɗaya da rabi ne, in ba ta yi ba sai yadda Allah ya yi da kai.

Duk mai hankali zai ce ai babu abin shawara a nan, kuma masu hankalin sun faɗa, don unguwar ba ta rasa su ba. Abin da ya sa aka tsaya shawara shi ne yarinyar kurma ce, haka aka haife ta. Makarantar nesan ta kurame ce, kuma ita kaɗai ce a garin.

Shugaba ake ce mata a gida. Babanta, mai gyaran firiji, shi ya laƙaba mata sunan, saboda tun tana rarrafe da yatsa ɗaya take juya gidan. Ta nuna ka, ta nuna kofi, ta nuna bakinta, ka tashi ka kawo ruwa ko kai waye. Da tafiya ta yi tafiya, gidan ya haɗa nasa yaren. In ta shafa haɓa, baba take nufi. In ta murza hannu kamar mai juya keken ɗinki, mama ce. In ta ranƙwafa ta dafa ƙugu, Kaka ce, wadda har yau ba ta yafe wa wanda ya ƙirƙiro wannan alamar ba. Akwai ci, akwai sha, akwai barci, da zafi, da zo, da bari. Tela ta fi kowa iya yaren, tana kuma alfahari da hakan har ya so ya yi yawa. In baƙo ya tambaya yaya suke fahimtar juna, cewa take ita ko ƙifta ido 'yarta ta yi ta san fassararsa.

Shekara guda Shugaba ta yi a makarantar bayan gida, kuma ba wanda ya cuce ta. Malamin ajin mutumin kirki ne, a bencin gaba ya ajiye ta, yara kuma har rububin riƙe mata jaka suke. Rubutunta ya fi na kowa kyau. Sai wata rana babanta ya buɗe littafinta ya ga ta kwafe allo tas, har da tsagar da ke jikin allon ta zana ta da kyau a tsakanin layi biyu. Ya zauna a bakin gado da littafin a hannu. A nan ya gane zane kawai take yi, ba ta san baƙaƙen nan suna faɗin wani abu ba.

Daga ranar ya kafe a kan makarantar nesa. Kaka, mahaifiyarsa, ta kafe a kan ta kusa. Ta ce yarinyar da ko ƙahon mota ba ta ji, ita za a riƙa ratsa gari da ita sau biyu a rana? Ƙashinta ma bai yi ƙwari ba, a bari ta kai tara ko goma. Shi kuma ya ce malamar can ta gaya masa waɗannan shekarun su ne na kama harshe, in sun wuce ba sa dawowa. Kaka ta ce ai ba malamar can ce za ta yi jinya ba. Kowannensu in ya gama sai ya juyo ya dubi Tela, ita kuwa ta duƙufa a kan keke kamar ɗinkin da ke gabanta ya fi komai gaggawa a duniya.

Gaskiyar magana ita ce duka biyun take ganin gaskiyarsu, shi ya sa ta rasa inda za ta sa kanta. A ƙarshe ta yi abin da ta saba yi in an kawo mata yadi mai tsada: ba ta sa masa almakashi sai ta gwada yankan a kan tsohon ƙyalle. Ta ce a ba ta sati ɗaya. Ita da kanta za ta kai yarinyar, ta zauna ta jira ta, ta dawo da ita, daga Litinin zuwa Juma'a. In ta ga jikin yarinyar zai ɗauka, sai su raba aikin, uban ya riƙa kaiwa da safe, ita ta riƙa ɗaukowa. In ba zai ɗauka ba, kar wanda ya sake tayar da maganar sai bayan shekara uku. Uwa da ɗa suka amince, kowanne yana ganin satin nan shi zai gaskata.

Ranar Litinin ƙarfe biyar da rabi ta tashe ta. Ta sa mata riga idonta a rufe, ta sa mata takalmi idonta a rufe, ta dura mata shayi kurɓi uku da ƙyar. Ƙarfe shida suna tasha. Bas ɗin farko ya zo maƙil, ƙofarsa ɗaure da igiya, direban kuma da alama birki ne ya yi masa laifi. Tela ta samu gefen kujera ta ɗora Shugaba a cinya, bayan yarinyar a ƙirjinta. Ta zagaye ta da hannu biyu, ta haɗe yatsunta a kan cikinta, hannayen yarinyar duka a ciki, kamar wadda ta sayo madubi daga kasuwa. In yarinyar ta motsa sai ta ƙara matsewa. Yaro mai ji, in ya sa hannu a taga ka daka masa tsawa ya janye. Wannan kuwa sai dai riƙo.

A babban shataletale suka sauka suka tsallaka titi, Tela ta damƙe wuyan hannun yarinyar har sai da shatin yatsunta ya fito a fatar. Bas na biyu ya yi ta jan ciki a kan gada, hayaƙi yana shigowa ta ƙasan kujeru. Sai takwas saura suka iso.

Tela ta zaci za ta tarar da wuri shiru. Ta tarar da fili cike da yara, ƙarar takalma da dariya da buga tebur, hannaye kuwa suna ta tashi ta ko'ina. Malamar ajin, wata doguwar mata mai farin gilashi, ta gaishe ta da baki, hannayenta suna tafiya tare da maganar. Ta ce iyayenta duka kurame ne, ita da hannu ta fara magana kafin baki. Ta durƙusa ta yi wa Shugaba wani abu da yatsu. Shugaba ta dubi uwarta sau ɗaya, ta bi matar.

Tela ta zauna a rumfar mai gadi da ɗinkin hannun da ta taho da shi, maɓallai da kalmasa. Daga nan tana hango tagar ajin. Ranar farko yarinyar ta zauna tana zare ido. Ranar Talata ta fara kwaikwayo. Kafin Laraba ta yi tsakiya, Tela ta hango ta tsaye tana nuna wata yarinya, tana nuna kujera, ita kuma waccan ta tashi ta ba ta wuri. Tela ta yi dariya har mai gadi ya waiwayo. Can kuma dariyar ta tsaya, don ta lura tun safe yarinyar ba ta leƙo ta tagar ta neme ta ba ko sau ɗaya. Kishi ne ya kama ta, kishin wata mata mai farin gilashi da yara goma sha biyu. Ta san abin kunya ne, amma sanin bai rage shi ba.

Wannan ba ta sa shi a awonta ba, ko dai ta ce wa kanta ba ta sa ba. Abin da ta sa shi ne abin da ido ya gani. Kullum aka tashi, da zarar ta kama hannun Shugaba sun nufi ƙofa, sai kuka. Ba kukan shagwaɓa ba, irin wanda yake fitowa daga ciki, har da shessheƙa da tirjiya. A bas kuma sai ta yi laƙwas a cinyarta, awa ɗaya da rabi ba motsi, yarinyar da a gida ba ta iya zaman minti biyu. In sun isa, da loma a baki barci yake kwashe ta. Ranar Laraba aka yi ruwa, gada ta cushe, sai da suka yi awa biyu da rabi a hanya. Tela ta hau bene da ita a kafaɗa, rigunansu sharkaf. Kaka ta karɓe ta ta goge mata kai.

Tela ta yanke hukunci a ranta tun a kan matakalar benen: makarantar nesa sai nan gaba. Ta san yarinyar tana son makarantar, amma yara suna son abubuwa da yawa da jikinsu ba ya ɗauka. Ta gaya wa mijinta da safe yana ɗaure jakar kayan aikinsa. Ya tsaya da sukudireba a hannu, ya ce shi ya yi alkawari ba zai yi musu ba, kuma ba zai yi ba. Ya roƙe ta abu ɗaya, ta cika satin. Yadda ya sunkuyar da kai yana neman abin da bai ɓata ba a cikin jakar ya tsaya mata a rai har tasha.

Ranar Alhamis da yamma, bayan kukan ƙofa, suka samu bas da bai cika ba. A tsakiyar gada mutumin da ke kusa da su ya sauka, ya ce ƙafarsa ta fi motar sauri. Cinyoyin Tela sun yi tsami, kwana huɗu ke nan. Ta duba ta ga tagar wajen a rufe take, sai ta sauke yarinyar a kujerar da ta zama fanko, ta saki hannayenta don ta miƙe ƙafa.

Shugaba ta juyo ta durƙusa a kan kujerar, ta fuskance ta, hannayenta suka ɓalle.

Ta nuna ruwan da ke ƙarƙashin gada ta yi wata alama. Ta nuna wata babbar mota ta yi wata. Ta nuna jar rigar wata mata, ta taɓa leɓenta. Ta kumbura kumatu ta kwaikwayi wani, da alama mai gadi ne, ta ƙyalƙyale da dariya. Yatsun suna ta gudu, suna tuntuɓe, suna komawa baya su gyara. Fasinjoji suka fara juyowa. Tela kuwa ta tsura wa hannayen ido. Yarinyar nan ba gajiya ce ta sa ta yin laƙwas ba. Kwana huɗu, safe da yamma, ta zaunar da ita ba ta ganin fuskarta, ta ɗaure mata hannu, sannan ta zauna tana auna shirunta. Da wani ne ya toshe wa yaro mai magana baki awa uku a rana, da ita ce ta farko da za ta kira shi azzalumi.

Abu na biyu da ya soke ta shi ne, a cikin duk abin da yarinyar ta zubo, ko kashi ɗaya cikin goma ba ta gane ba. Ita da take cewa ko ƙiftawar ido ta san fassararta.

Can Shugaba ta nutsu. Ta kama haɓar uwarta ta daidaita fuskarta da tata, yadda take yi in magana mai muhimmanci ce. Ta ɗora babban yatsa a kuncinta, ta tura shi gaba, ta tafa tafin hannunta sau biyu, ta ɗaga gira. Ta jira. Ta sake yi a hankali, kamar mai magana da wanda kansa bai cika ja ba.

Tela ta yi abin da masu ji suke yi wa kurame tun da aka halicci duniya in ba su gane ba. Ta yi murmushi ta gyaɗa kai.

Fuskar yarinyar ta washe. Ta koma ta zauna, ta jingina da hannun uwarta tana kallon titi tana kaɗa ƙafa. A gida ta cinye abincinta tas, har ta tsokani Kaka da alamar nan ta ranƙwafawa, Kaka ta bi ta da mafici.

Ranar Juma'a Tela ta biya kujera biyu tun daga tashar farko. Hukuncinta dai ya girgiza amma bai faɗi ba. Ko an saki hannu, hanya tana nan yadda take, da hayaƙinta da ruwanta da tashin asubarta, kukan ƙofa kuma ba riƙon bas ne ya kawo shi ba. Lokacin shan iska ta samu Malama a aji tana goge allo. Ta yi mata godiya, ta yaba ƙoƙarinsu, ta kewaya ta kewaya, sannan ta ce suna ganin za su dakata sai yarinyar ta ƙara girma. Malama ba ta yi mata wa'azi ba. Ta ce ta san hanyar, iyaye da yawa ta kayar, kuma ba ta ganin laifin kowa.

Har Tela ta juya, sai ta tuna. Ta ajiye jakarta, ta ɗora babban yatsa a kunci ta tura gaba, ta tafa sau biyu. Ta tambaya mene ne wannan.

Malama ta ajiye abin goge allon.

"Na farkon gobe ne, na biyun makaranta. In ta ɗaga gira, tambaya ce. Shekaranjiya ta kama kalmar, tun daga lokacin take yi wa kowa ita, har mai shara. Ke ma ta yi miki?"

"Jiya a mota."

"Me kika ce mata?"

Tela ta ce ta gyaɗa kai.

"To, kin ce mata za ta dawo, ga shi kuma ta dawo. Maman Shugaba, kukan da take yi a ƙofa, kusan duk sababbin yaranmu suna yinsa. Yaron da ba shi da kalmar gobe, in aka fitar da shi daga wuri, bai san za a dawo da shi ba. A wurinsa kowace tafiya ta ƙarshe ce."

Tela ta nemi benci ta zauna, ƙaramin benci na yara, gwiwoyinta har ƙirji. Abubuwa suka riƙa dawo mata ɗaya bayan ɗaya. Ranar da aka kwantar da ita a asibiti kwana biyu, aka ce yarinyar ta ƙi ci ta ƙi sha tana zaune a bakin ƙofa. Duk lokacin da uban zai yi tafiyar aiki, yadda take ƙanƙame ƙafarsa sai an ɓamɓare ta. Har zuwa kasuwa sai Tela ta saci jiki take fita. Rigima suke kiran abin, suna dariya, suna cewa Shugaba ba ta son a fita ba da izininta ba. Ashe duk fitar da ta taɓa yi, yarinyar nan ba ta san za ta dawo ba. Yaren gidansu da take taƙama da shi yana da ci da sha da zafi, amma ba shi da anjima, ba shi da ina dawowa. Tausayin 'yarta ya kama ta, ta fashe da kuka.

Malama ta bar ta ta gama. Sannan ta ce mata a hankali, yau ma za ta tambaya, gobe kuwa Asabar ce.

Tela ta share fuska da bayan hannu. Ta yi tunanin gada, da igiyar ƙofar bas, da ruwan Laraba, da abin da Kaka za ta ce, da ɗinkin mutane da zai riƙa kwana a kan keke. Ba ɗaya da ya ragu a cikinsu. Ta miƙa wa Malama hannayenta biyu ta ce ta koya mata yadda ake cewa Litinin.

Malama ta ce Litinin ta yi wa yarinyar nisa tukuna, sai dai a ƙirga mata da barci. Suka yi ta yi har aka koma aji. Yatsun da suke zura zare a allura ba tare da dubawa ba, ranar nan sai ga su sun zama kamar na aro.

Da aka tashi, Shugaba ta fito da gudu jaka tana dukan bayanta. Taku biyu kafin ƙofa ta ja birki. Ta kama rigar uwarta, ta ɗora yatsa a kunci, ta tura gaba, ta tafa sau biyu, ta ɗaga gira.

Gyaɗa kai ya fi sauƙi, kuma har wuyan Tela ya fara. Ta tsayar da shi. Ta ajiye jakar ɗinkinta a ƙasa, ta durƙusa a kan tsakuwa, ta yi alamar gobe, ta girgiza kai.

Idon yarinyar ya kawo ruwa. Tela ta yi sauri ta ɗaga hannu, ta ce mata tsaya da yaren gida. Ta kwantar da kunci a tafin hannu, ta ɗaga yatsa ɗaya. Ta sake kwantarwa, yatsa biyu. Ta sake, uku. Sannan ta tafa sau biyu, ta nuna yarinyar, ta nuna ajin.

Shugaba ta tsura mata ido. Ta ɗago nata hannun ta ƙirga da kanta, ɗaya, biyu, uku, tana kallon kowane yatsa kamar yau ta fara ganinsa. Ta kama hannun uwarta ta juya tafin, don ashe a karkace ta yi tafin, ta sa ta sake. Da ya yi mata daidai, ta ɗaga gira sau ɗaya, tambaya ta ƙarshe. Wannan karon Tela ta san abin da take gyaɗa wa kai.

Yarinyar ta gyara jakarta, ta ɗaga wa mai gadi hannu, ta fita ƙofar da ƙafarta, ko waiwaye ba ta yi ba. Tela ta bi ta da kallo daga durƙuson. Shekara shida tana ciyar da yarinyar nan, tana yi mata wanka, tana ɗinka mata riguna, amma sai yau ta taɓa yi mata alkawari.